Katsewar tsofaffin wasannin kwamfuta a sababbin na'urori

Katsewar tsofaffin wasannin kwamfuta a sababbin na'urori matsala ce da ake fuskanta idan aka ɗora wasan da aka rubuta domin kwamfutocin shekarun 1980 zuwa na 2000 a kan kwamfutar zamani, sai wasan ya ƙi tashi, ko ya rufe kansa ana tsakiyar bugawa, ko ya daskare, ko ya riƙa gudu fiye da ƙima. Ta fi shafar wasannin da aka yi domin MS-DOS da Windows 95 da Windows 98 da Windows XP. Galibi sabuwar kwamfutar ta fi ƙarfin abin da wasan yake buƙata nesa ba kusa ba. Abin da ke kawo cikas shi ne an gina wasan bisa yanayin na'urorin zamaninsa, kamar saurin furosesa da yawan ma'ajiya da irin katin hoto da dokokin babbar manhaja, kuma duk waɗannan sun sauya.

Gyaran matsalar ya dogara ne ga gano ɓangaren da ya sauya. Hanyoyin da aka fi bi sun haɗa da canza saitin Windows, da maido da tsofaffin fayilolin da wasan yake nema, da saka faci, da amfani da manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura. Batun ya shafi adana tarihi, domin wasan da ba a iya kunna shi yana ɓacewa ko da faifansa yana nan garau.

## Ma'anar kalmomi

A bakin matasa masu jin Hausa an fi kiran wasan kwamfuta da gem. Matsalolin da masu bugawa ke haɗuwa da su kuwa iri-iri ne, kuma rarrabe su shi ne matakin farko na gyara:

- Katsewa: wasa ya rufe kansa farat ɗaya, a koma fuskar Windows, da saƙon kuskure ko babu.
- Daskarewa: hoto ya tsaya cak, wani lokaci sauti yana ta maimaita kansa, amma wasan bai rufe ba.
- Baƙin allo: wasa yana aiki, ana jin sautinsa, amma ba a ganin komai.
- Shuɗin allo: Windows ce kanta ta tsaya. Wannan yakan nuna matsalar direba ko ta na'ura.

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, cibiya kuma ita ce kowane sashe na furosesar da ke iya gudanar da aiki shi kaɗai. Direba manhaja ce da ke haɗa Windows da wata na'ura, kamar katin hoto ko na sauti. Faci ƙaramin gyara ne da ake liƙa wa manhaja bayan ta fito. Tafinta, a wannan fage, fayil ne da ke karɓar umarnin da tsohon wasa yake bayarwa ya juya shi zuwa wanda sabon katin hoto yake ganewa.

## Tarihi

Kwamfutar IBM PC ta shekarar 1981 ta zo da furosesar Intel 8088 mai saurin megahaz 4.77. Da yawa daga masu rubuta wasannin farko sun ɗauka wannan saurin ba zai canza ba, sai suka auna lokacin wasa da yawan umarnin da furosesa ke kammalawa. Da kwamfutoci masu sauri suka fito, wasannin suka riƙa gudu ta yadda ba a iya buga su. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka riƙa saka maɓallin Turbo a jikin kwamfutocin ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, domin a rage sauri idan za a kunna tsohuwar manhaja.

Da Windows 95 ta fito a watan Agustan 1995, kamfanin Microsoft ya dage wajen ganin tsofaffin manhajoji sun ci gaba da aiki. Marubucin manhaja Joel Spolsky ya ruwaito cewa wasan SimCity yana da kuskuren karanta ma'ajiyar da ya riga ya saki, sai aka sa wa Windows 95 wani umarni na musamman da ke gane wasan ya jinkirta karɓe ma'ajiyar. Irin wannan dabara ta gyara halin Windows domin manhaja ɗaya tana nan har yau.

Babban sauyi ya zo da Windows XP a 2001, wadda aka gina kan tsarin NT maimakon DOS, kuma tsarin NT ba ya barin manhaja ta taɓa na'ura kai tsaye yadda wasannin DOS suka saba. A 2005 Intel da AMD suka fitar da furosesoshi masu cibiya biyu domin kwamfutocin gida. Windows Vista ta 2007 ta sauya tsarin sauti da na izini, Windows 8 ta 2012 ta sauya yadda ake zana hoto a allo, Windows 10 ta 2015 ta daina karɓar wasu makullan hana kwafi, Windows 11 ta 2021 kuma ta zo a tsarin bit 64 kaɗai. Kowanne daga cikin waɗannan matakai ya bar wani rukuni na wasanni a baya.

## Dalilan katsewa

### Saurin furosesa

Fitaccen misali shi ne kuskuren da ake kira Runtime error 200 a manhajojin da aka rubuta da Turbo Pascal na kamfanin Borland. Idan irin wannan manhaja ta tashi, takan ƙirga sau nawa furosesa ta zagaya wani ɗan aiki a cikin milisakan 55, ta raba adadin da 55, ta ajiye sakamakon a gurbi mai bit 16, wanda ba ya ɗaukar lambar da ta haura 65,535. A furosesar da saurinta ya wuce kimanin megahaz 200 sakamakon yakan fi ƙarfin gurbin, sai manhajar ta mutu nan take. Wasan Jazz Jackrabbit na 1994 yana cikin waɗanda abin ya shafa.

Wasannin injin Unreal na farko, kamar Unreal Tournament na 1999 da Deus Ex na 2000, sukan auna saurin furosesa sau ɗaya a lokacin tashi. Furosesoshin yanzu kuwa suna hawa da sauka gwargwadon nauyin aiki domin tattalin wuta, saboda haka awon farko yakan zama ba daidai ba, wasan ya riƙa sauri ko jan ƙafa.

Akwai kuma wasannin da lissafin motsinsu yake ɗaure da yawan hotunan da ake nunawa a daƙiƙa. A The Elder Scrolls V: Skyrim na 2011, idan adadin ya haura 60 sai kayayyaki su riƙa tsalle su kaɗai. A Grand Theft Auto: San Andreas, kashe ma'aunin taƙaita hotuna yana sa ninƙaya ta yi nauyi ƙwarai.

### Yawan cibiyoyi

Wasannin da aka rubuta kafin 2005 an gwada su ne a kan furosesa mai cibiya ɗaya, inda ayyuka ke bin juna a jere. A furosesa mai cibiyoyi da yawa ayyuka biyu kan gudana a lokaci guda, su taɓa bayani ɗaya tare, ko kowanne ya tsaya jiran ɗan'uwansa har abada. Thief: The Dark Project na 1998 da System Shock 2 na 1999 sun shahara da daskarewa ta wannan hanya. Fallout 3 na 2008 ma yakan daskare a furosesar da cibiyoyinta suka wuce biyu, musamman a cikin ɗakuna.

A ƙarshen 2021 Intel ta fitar da furosesoshin zubi na 12 masu cibiyoyi iri biyu, manya masu ƙarfi da ƙanana masu tattalin wuta. Makullan hana kwafi na wasu wasanni suka ɗauki ƙananan cibiyoyin a matsayin wata kwamfuta daban, wasannin suka riƙa katsewa. Kafin a gyara, an samar da wani saiti a BIOS da ke ba mai bugawa damar dakatar da ƙananan cibiyoyin da maɓallin Scroll Lock.

### Tsarin bit da yawan ma'ajiya

Windows mai bit 32 tana da wani sashe mai suna NTVDM da ke kunna manhajojin DOS da na bit 16. Windows mai bit 64 ba ta da shi. Don haka wasan DOS ko na Windows 3.1 ba ya tashi a cikinta ko kaɗan. Wani abin da ke rikita mutane shi ne wasanni da yawa na ƙarshen shekarun 1990 bit 32 ne, amma manhajar da ke girka su daga faifai bit 16 ce, sai a kasa girka wasan da zai iya aiki lafiya.

Manhaja mai bit 32 tana samun gigabait 2 ne kawai na ma'ajiyar RAM, komai yawan wadda ke cikin kwamfutar, sai fa idan an kunna mata wata alama mai suna Large Address Aware, wadda ke ba ta har gigabait 4 a Windows mai bit 64. Wasan da aka ƙara wa hotuna masu nauyi yakan cika gigabait 2 ɗin ya katse, galibi bayan an jima ana bugawa ko lokacin shiga sabon wuri.

Yawan ma'ajiya shi ma yakan zama matsala. Idan wasa ya ajiye adadin ma'ajiya a gurbin da ba ya ɗaukar fiye da gigabait 2, lambar da ta haura haka takan juye ta koma ƙasa da sifili. Vampire: The Masquerade – Bloodlines na 2004 yakan ƙi tashi a kwamfuta mai RAM da yawa, yana cewa ma'ajiyar da ta rage ba ta kai megabait 15 ba. Grand Theft Auto IV na 2008 yakan kasa gane ma'ajiyar manyan katunan hoto ya kulle saitinsa a mataki na ƙasa.

### Katin hoto

A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin 3dfx ya fitar da katin Voodoo tare da nasa tsarin umarni mai suna Glide. Nvidia ta sayi kadarorin 3dfx a ƙarshen shekarar 2000, kuma babu katin zamani da ke jin Glide. Tsofaffin zubin DirectX, kamar DirectDraw da Direct3D 5 zuwa 7, suna nan a Windows, amma masu rubuta direbobi ba sa ba su kulawar da suke ba sababbi.

Wasanni masu launi 256, kamar StarCraft na 1998 da Age of Empires II na 1999, sukan fito da launuka a hargitse a Windows 7, saboda manhajar Explorer tana sauya jerin launukan da wasan ya tsara. Daga Windows 8 kuwa Windows ta koma kwaikwayon yanayin launi mai bit 8 da bit 16, abin da ya sa wasu wasannin suka yi nauyi.

A ɓangaren OpenGL, wasa yakan tambayi direba jerin ƙarin ayyukan da kati yake iyawa, ya kwafe amsar a wani gurbi mai iyaka. Jerin na katunan yanzu ya ninka na da sau da yawa, sai ya tumbatsa gurbin, wasan ya katse tun kafin ya nuna komai. GLQuake da Medal of Honor: Allied Assault na 2002 suna cikin waɗanda aka sani da wannan.

Sauye-sauyen ba su tsaya ba. Katunan Intel Arc na 2022 sun fito suna juya umarnin DirectX 9 zuwa DirectX 12 maimakon karɓarsa kai tsaye. Katunan Nvidia RTX 50 kuma sun fito a farkon 2025 ba tare da goyon bayan PhysX mai bit 32 ba, sai aikin ya koma kan furosesa a wasanni irin su Mirror's Edge da Borderlands 2, saurinsu ya faɗi idan an kunna PhysX.

### Sauti da bidiyo

Wasannin DOS suna magana da katin sauti kai tsaye, galibi AdLib ko Sound Blaster, ta adireshi da lambobin da aka saita da hannu. Kwamfutar yanzu ba ta da waɗannan katuna. Windows Vista ta cire hanyar da DirectSound3D ke bi zuwa katin sauti, wanda ya kashe tasirin EAX na kamfanin Creative a wasanni da dama. Wasu wasannin kuma kiɗansu yana kan faifan CD ne a matsayin waƙoƙin sauti, kuma ba sa samunsa idan babu faifan. Bidiyon buɗe wasa da aka matse da tsohon tsari irin Indeo yakan jawo baƙin allo ko katsewa a daƙiƙun farko.

### Makullan hana kwafi da sabobin intanet

Makullai irin su SafeDisc da SecuROM da StarForce suna duba ko faifan asali yana cikin kwamfuta, wasunsu ta hanyar girka direba a can cikin Windows. Windows 10 ba ta karɓar direban SafeDisc mai suna secdrv.sys saboda raunin tsaro, kuma a watan Satumban 2015 Microsoft ta kashe shi a Vista da 7 da 8 da 8.1 ta sabuntawa mai lamba KB3086255. Sakamakon haka wanda ya sayi faifan asali yakan danna wasa bai ga komai ba. Tsofaffin direbobin StarForce kuma sukan jawo shuɗin allo a sababbin Windows.

Wasu wasannin sun dogara da sabobin da aka rufe. An kashe sabobin GameSpy a 2014, wasanni da yawa suka rasa damar bugawa ta intanet. Manhajar Games for Windows Live ta daɗe tana hana Fallout 3 tashi a Windows 10, har kamfanin Bethesda ya cire ta daga wasan a watan Oktoban 2021.

### Izinin rubuta fayil

A Windows 95 da 98 kowace manhaja tana iya rubutu a duk inda ta ga dama, saboda haka wasanni suna ajiye saiti da ci gaban mai bugawa a cikin foldarsu. Tun daga Vista, foldar Program Files tana da kariya. Windows takan karkatar da rubutun zuwa wata ɓoyayyiyar folda mai suna VirtualStore, ko ta hana shi, sai wasa ya kasa ajiya ko ya katse lokacin canza saiti.

### Kurakuran da suka daɗe a ɓoye

Wani lokaci kuskuren yana cikin wasan tun ranar da ya fito, sa'a ce kawai ta rufe shi. Bayan fitowar Windows 11 zubin 24H2 a 2024, masu buga Grand Theft Auto: San Andreas suka lura jirgin Skimmer mai sauka a ruwa ya ɓace daga wasan, wanda ya tilasta fito da shi kuma sai a cilla shi sama nesa. A watan Afrilun 2025 mai gyaran wasanni da aka sani da Silent ya bayyana dalilin. Layin Skimmer a fayil ɗin vehicles.ide ba shi da lambobin girman taya, domin a wasan Vice City an lissafa shi a cikin jiragen ruwa. Wasan yana ɗaukar duk lambar da ya tarar a gurbin, kuma kusan shekara 20 abin da yake tararwa shi ne lambar motar da ta gabace shi a jeri. Da Windows ta sauya yadda take amfani da wannan yanki na ma'ajiya, sai wata lamba ta daban ta maye gurbin.

## Gano musabbabi

Ƙa'idar da masu gyara ke bi ita ce a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, a rubuta sakamakon. Wanda ya canza saiti biyar tare ba zai san wanne ya yi aiki ba, kuma ɗaya yana iya ɓata gyaran ɗaya. Kafin a fara ana kwafe fayilolin ajiyar wasa zuwa wani wuri.

Lokacin da wasa ya katse yana nuna inda za a duba. Idan ya ƙi girkuwa, ana zargin manhajar girkawa mai bit 16. Idan an danna shi babu abin da ya faru, ana duba makullin hana kwafi ko fayil da ya ɓace. Katsewa a daƙiƙun farko takan fito daga bidiyon buɗewa ko girman hoton da allo ba ya karɓa. Daskarewa ba tare da lokaci tsayayye ba takan nuna yawan cibiyoyi, katsewa bayan awa ɗaya ko biyu kuma takan nuna cikar ma'ajiya. Idan kullum a wuri ɗaya yake katsewa, to fayil ne ya lalace ko kuskuren wasan ne kansa. Idan kuwa sababbin wasanni ma suna katsewa, ko kwamfutar tana mutuwa gaba ɗaya, sai a duba zafi da RAM da wutar lantarki, domin matsalar ta wuce ta tsohon wasa.

Windows tana rubuta bayanin kowace katsewa a Event Viewer, a sashen Application, ƙarƙashin lamba 1000. Bayanin yana ɗauke da sunan fayil ɗin da kuskuren ya faru a cikinsa. Sunaye irin su nvoglv32.dll da atioglxx.dll na direbobin OpenGL ne na Nvidia da AMD, ddraw.dll da d3d8.dll na DirectX ne, binkw32.dll na bidiyo ne, mss32.dll kuma na sauti. Lambobin kuskure da aka fi gani su ne:

- 0xc0000005: wasa ya taɓa ma'ajiyar da ba shi da izini a kanta.
- 0xc000007b: galibi an cakuɗa fayil mai bit 64 da wasa mai bit 32.
- 0xc0000022: an hana izini. A tsofaffin wasanni yakan nuna ba a kunna DirectPlay ba.
- 0xc0000142: wani fayil na DLL ya kasa tashi.

## Hanyoyin gyara

### Saitin Windows

Idan aka danna fayil ɗin wasa da ɓangaren dama na linzami aka shiga Properties, akwai shafin Compatibility. A nan ana iya sa Windows ta gabatar da kanta a matsayin 95 ko 98 ko XP, a rage launi zuwa bit 8 ko 16, a kunna girman hoto na 640 da 480, ko a ba wasan izinin mai gudanarwa. Girka wasa a wata folda ta daban, kamar C:\Wasanni, yana kawar da matsalar izini tun daga tushe.

Domin taƙaita cibiyoyi ana buɗe Task Manager, a shafin Details a zaɓi Set affinity, a bar cibiya ɗaya. Umarnin `start /affinity 1 wasa.exe` yana yin haka tun daga tashi. Ana taƙaita yawan hotuna zuwa 30 ko 60 a daƙiƙa daga manhajar katin hoto. A kwamfutar tafi-da-gidanka mai katin hoto biyu, ana gwada tilasta wa wasan amfani da ɗaya, sannan ɗayan.

### Maido da fayilolin da suka ɓace

DirectX 12 da ke zuwa da Windows bai ƙunshi duk fayilolin taimako na DirectX 9 ba. Saƙon da ke cewa babu d3dx9_43.dll ko makamancinsa yana warwarewa da girka kunshin DirectX End-User Runtimes na watan Yunin 2010 daga Microsoft. Rashin msvcr100.dll yana nufin ana buƙatar kunshin Visual C++ na 2010, kuma wasa mai bit 32 zubin x86 yake so ko da Windows ɗin bit 64 ce. DirectPlay ana kunna shi ne a Windows Features, ƙarƙashin Legacy Components.

### Faci

Ana fara saka facin ƙarshe da kamfanin wasan ya fitar. Bayan shi akwai na masu sha'awa. NewDark, wanda ya bayyana a 2012, ya gyara Thief da System Shock 2. SilentPatch yana gyara wasannin Grand Theft Auto na farkon shekarun 2000, ƙungiyar OldUnreal kuma tana kula da Unreal da Unreal Tournament. Manhajar 4GB Patch tana kunna alamar Large Address Aware. Shafin PCGamingWiki, wanda aka kafa a 2012, yana tattara matsalolin kowane wasa da gyaransu.

### Tafintoci

Ana ajiye fayil ɗin tafinta ne a folda ɗaya da wasan, da sunan fayil ɗin da wasan yake nema, sai wasan ya ɗauke shi maimakon na Windows. nGlide yana fassara Glide. dgVoodoo 2 yana fassara Glide da tsofaffin DirectX zuwa Direct3D 11 ko 12. DXVK yana juya Direct3D zuwa Vulkan, DDrawCompat da cnc-ddraw suna gyara DirectDraw, DSOAL da ALchemy kuma suna maido da sautin EAX. Cire fayil ɗin yana mayar da wasan yadda yake.

### Kwaikwayon tsohuwar na'ura

DOSBox, wadda ta fara fitowa a 2002, tana kwaikwayon kwamfutar DOS da katin Sound Blaster. Ana rage saurinta da Ctrl da F11, a ƙara da Ctrl da F12. ScummVM, wadda aka fara a 2001, tana maye gurbin injin wasannin labari irin na LucasArts da Sierra. PCem da 86Box suna kwaikwayon kwamfuta sukutum, har da katin Voodoo, ta yadda ake girka Windows 98 a ciki, sai dai suna buƙatar furosesa mai ƙarfi. OTVDM tana kunna manhajojin Windows masu bit 16 a Windows mai bit 64. A Linux akwai Wine da Proton, wanda Valve ya fitar a 2018.

### Sabon inji ko sabon bugu

Kamfanin id Software ya saki rubutun tushe na Doom a 1997 da na Quake a 1999, masu sha'awa suka gina sababbin injina a kansu. Wasu kuma an sake rubuta injinsu, kamar OpenTTD da OpenMW da OpenRCT2. OpenMW da OpenRCT2 suna buƙatar fayilolin wasan asali. Shagon GOG.com, wanda kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ya buɗe a 2008, yana sayar da tsofaffin wasanni da aka daidaita, ba tare da makullin hana kwafi ba.

## Haɗura

Shafukan da ke raba fayilolin DLL ɗai-ɗai da fayilolin fasa makulli hanya ce sananniya ta yaɗa manhajojin cutarwa, kuma ba irin wannan fayil izinin mai gudanarwa yana buɗe masa kwamfutar gaba ɗaya. Maido da direban SafeDisc ko kashe kariyar DEP ga dukan Windows yana raunana tsaro. Kwafar fayil cikin foldar System32 ko SysWOW64 da hannu yana iya ɓata wasu manhajojin, shi ya sa ake ajiye tafinta a foldar wasa kaɗai. Tafinta da faci na iya sa manhajar hana maguɗi ta rufe asusun mai bugawa a wasannin intanet.

Masu ajiye tsohuwar kwamfuta domin wasanni sukan raba ta da intanet, domin Microsoft ta daina sabunta tsaron Windows XP tun watan Afrilun 2014. Manhajar Steam ma ta daina aiki da XP da Vista a farkon 2019, da Windows 7 da 8 a farkon 2024.

## Adana wasanni

Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar tare da Software Preservation Network a watan Yulin 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa. Idan kamfanin da ya yi wasa ya rufe, kamar Looking Glass Studios a 2000 ko Troika Games a 2005, aikin gyara yakan koma hannun masu sa kai. A watan Nuwamban 2024 GOG.com ya ƙaddamar da shirin adanawa, inda ya ɗauki alkawarin ci gaba da daidaita wasannin da ke cikin shirin da sababbin kwamfutoci ko da masu su sun daina kula da su.

## Duba kuma

- Wasan bidiyo
- Microsoft Windows
- MS-DOS
- DirectX
- DOSBox